Kundin koya wa Baba tafiya a tsakar gida

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Yau kwana tara ke nan da aka sallamo Baba daga asibiti, kuma na yanke shawarar in riƙa rubuta abin da muke yi masa a gida, domin ma'aikaciyar sashen fisiyo, wato masu koya wa majinyaci motsa jiki, ta gaya mini cewa wanda yake tare da majinyaci kullum ba ya gane sauƙi da ido, sai ya auna ya rubuta.

Da asubahin 12 ga Disamba Baba ya tashi zai yi alwala, sai jiri ya kwashe shi, ya yi ta amai, kuma duk lokacin da aka tsayar da shi sai ya karkata dama. Bakinsa bai karkace ba, da ya riƙe hannuna kuma na ji ƙarfinsa yana nan, saboda haka babu wanda ya kawo shanyewar ɓarin jiki a ransa. Muka ce zazzaɓi ne, muka sayo magani a kemis, muka ɓata yini guda da kwana guda. Wannan jinkiri yana damuna har yau. A asibiti likita ya ce Baba ya taɓa hancinsa sannan ya taɓa ɗan yatsan likitan, sai muka ga yatsan hannun dama yana kyarma yana wuce wurin da aka nufa, alhali na hagu yana sauka daidai. Hoton kai na farko, wanda ake kira CT, bai nuna komai ba, kuma likita ya ce haka yakan faru domin ƙasusuwan gindin kai suna tare wannan wuri. Sai wani hoton kai daban, wanda ake kira MRI, shi ne ya nuna cewa wata jijiyar jini ta toshe a ɓangaren dama na ƙaramar ƙwaƙwalwa, wadda take can wajen ƙeya.

Abin da na fahimta shi ne ƙaramar ƙwaƙwalwa ba ita ke ba gaɓoɓi ƙarfi ba. Aikinta shi ne ta auna nisan da hannu zai tafi, da saurin da zai yi, da lokacin da zai tsaya, ta kuma daidaita jiki kada ya rinjaya gefe guda. Nauyinta bai wuce kashi ɗaya cikin goma na ƙwaƙwalwa ba, amma fiye da rabin ƙwayoyin jijiya na ƙwaƙwalwa a cikinta suke. Idan ta samu rauni a dama, hannu da ƙafar dama ne suke rikicewa, saɓanin shanyewar ɓarin jiki da muka saba gani, inda ciwon yake bayyana a ɗaya gefen. Likitoci suna kiran wannan rikicewa ataksiya.

Halin da yake ciki a yau: yana iya zama a bakin gado ba jingina na minti biyu, ba ya tsayuwa sai mutum biyu sun riƙe shi, idan ya ɗauki kofi ruwan yana zubewa kafin ya kai baki, kuma ba ya iya rubutu a allo, aikin da ya shafe fiye da shekara talatin yana yi wa ɗalibansa. Zan kafa masa sandunan ƙarfe guda biyu a tsakar gida irin waɗanda muka gani a asibiti, in kuma riƙa awo kowane mako.

Talata, 7 ga Janairu

Na sayo kaya. Bututun ƙarfe uku sun ci naira 48,000, siminti buhu ɗaya 9,800, yashi da tsakuwa 4,500, mai Napep da ya kawo su 2,500. Mai walda ya karɓi 15,000, birkila kuma 8,000. Jimla naira 87,800, kuma Yaya ne ya turo rabin kuɗin daga Kaduna. Na ba da awon tsawo mita huɗu, tsayi santimita 95, faɗi santimita 80.

Alhamis, 9 ga Janairu

An kafa sandunan a gefen inuwar ɗakin Inna. An kuma kawo kujerar bayi, domin tsugunno a masai ya fi ƙarfin Baba a yanzu.

Asabar, 11 ga Janairu

Aikin ya lalace, kuma laifin nawa ne ta fuska biyu. Na farko, na ƙagu, na sa Baba ya shiga tsakanin sandunan kwana biyu kacal bayan zuba siminti, alhali iskar hunturu ta busar da samansa, babu kuma wanda ya yayyafa masa ruwa. Da ya rinjaya dama ya ɗora duk nauyinsa, sai ƙafar ƙarfen da ke tsakiya ta motsa, simintin ya tsage. Allah ya tsare ƙanena yana riƙe da shi ta baya. Na biyu, awon da na bayar da ka na bayar da shi. Ma'aikaciyar fisiyo da ta zo da yamma ta tsayar da Baba, ta saukar da hannuwansa, ta nuna mini cewa ya kamata sandar ta zo daidai wuyan hannunsa, ta yadda idan ya riƙe gwiwar hannu za ta ɗan lanƙwasa kaɗan. Da tsayin da na yi kafaɗunsa ne suke ɗagewa, faɗin kuma ya sa sai ya miƙa hannu nesa, wanda shi ne ainihin abin da ƙaramar ƙwaƙwalwarsa ta kasa aunawa.

Gobe za a tone, a rage tsayi zuwa santimita 83, faɗi zuwa 62, a zurfafa kowane rami zuwa santimita 40. Zan rufe simintin da jiƙaƙƙen buhu, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana bakwai. Gyaran zai ci naira 11,000.

Talata, 14 ga Janairu

Kafin siminti ya yi ƙwari muna yin motsa jiki na kwance da na zaune. A kwance yakan ɗora diddigen dama a kan gwiwar hagu ya ja shi a hankali bisa ƙashin ƙauri zuwa idon sawu, ni kuma ina ƙirga masa ɗaya zuwa takwas, domin abin da ake nema shi ne motsin ya tafi da ƙirgar, kada ya riga ta. A zaune yakan ɗaga ƙafa ya sauke ta a kan alamar da na zana da alli. Ma'aikaciyar ta ce wannan tsari na wani likita ne ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Heinrich Frenkel, wanda ya fito da shi a ƙarshen ƙarni na 19 domin waɗanda ciwon laka ya sa ba sa jin inda ƙafarsu take, daga baya aka riƙa amfani da shi ga masu irin ciwon Baba. Ginshiƙansa uku ne, wato a yi a hankali, a sa ido a kan gaɓar da ke motsi, a kuma yi ta maimaitawa. Baba ya ce ai haka ake koya wa yaro babbaƙu.

Lahadi, 19 ga Janairu

Yau ya fara takawa tsakanin sandunan, kuma ba su motsa ba. Mita huɗu sun ɗauke shi daƙiƙa 58. Yana wage ƙafafu sosai, takun dama wani lokaci ya yi tsawo wani lokaci ya gaza, kuma juyawa a ƙarshen sandar ta fi tafiyar kanta wahala, don sai ya yi ta da ƙananan taku bakwai ko takwas. Na zana masa sawu da alli a ƙasa, tazarar santimita 25, yana bi yana kallo. Ya yi zuwa da dawowa sau uku, sannan ya ce jiri ya taso, muka tsaya.

Laraba, 22 ga Janairu

Safe da yamma, sau huɗu huɗu. Awon jini 138 bisa 86.

Asabar, 25 ga Janairu

Daƙiƙa 49 a yau, amma ba wannan ne abin rubutawa ba. Tun Alhamis Baba ya ƙi a fito da shi zaure wurin masu dubiya, kuma sai jiya Inna ta gaya mini dalili. Wani yaro cikin masu leƙowa ya ga yana tangaɗi, ya ji maganarsa tana fita a rarrabe tana jan harafi, sai ya faɗa wa ɗan'uwansa cewa Malam yana tafiya kamar wanda ya sha wani abu, Baba kuma ya ji. Yaron bai san nauyin abin da ya faɗa ba. Kamannin ma ba a banza suke ba, domin likita ya ce barasa wannan ƙaramar ƙwaƙwalwar take taɓawa, shi ya sa tafiyar mashayi da ta mai wannan ciwo suke kama. Amma ga mutumin da ya yi rayuwarsa yana karantar da 'ya'yan unguwa, wannan magana ta fi masa ciwon zafi. Na zauna kusa da shi na ce, "Baba, a yi haƙuri, yaro ne. Duk wanda ya san ku ya san jarrabawa ce daga Allah." Bai amsa ba, sai dai ya ce in miƙo masa carbi.

Da yamma kuma Kawu ya zo daga Batagarawa da jiƙo a galan, ya ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, tunda ga ƙarfi a jiki amma ƙafa ta ƙi bin umarni, don haka a ajiye ƙwayoyin nan tukuna. Na fahimci abin da ya sa yake ganin haka, mu ma ƙarfin jikin ne ya ruɗe mu ranar farko. Na ɗauko hoton na nuna masa wurin da ya yi fari a gefen dama, na ce, "Kawu, addu'a da tofi muna so, kullum ma ana yi. Amma maganin hawan jini da asfirin su ne suke tsare shi daga toshewa ta biyu, ba za mu iya ajiye su ba, jiƙon kuma sai mun tambayi likita." Bai ji daɗi ba, amma ya yi wa Baba addu'a mai tsawo kafin ya tafi.

Laraba, 29 ga Janairu

Baba ya faɗi. Wajen ƙarfe huɗu da rabi na asuba ya tashi zai kama ruwa, bai so ya tashe ni ba, babu wuta, ya miƙe tsaye kai tsaye daga kwanciya. Ya ce ya ji duhu ya rufe masa ido, ya miƙa hannu zai dafa bango sai hannun ya wuce, ƙafarsa kuma ta harɗe da bakin tabarma. Goshinsa ya bugi ƙafar gado ya fashe. Saboda yana shan asfirin, wanda ke hana jini saurin daskarewa, ban tsaya jiran gari ya waye ba, muka tafi asibiti, aka yi masa ɗinki uku, aka sake hoton CT don a tabbatar jini bai taru a cikin kai ba. Alhamdu lillahi babu.

Likita ya auna jininsa a kwance ya samu 130 bisa 80, ya tsayar da shi ya sake aunawa ya samu 102 bisa 66. Ya ce jinin yana faɗuwa idan ya miƙe da sauri, kuma mai lafiya zai iya gyara tsayuwarsa kafin ya kai ƙasa, amma wanda ƙaramar ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni ba shi da wannan saurin gyara. Ya rage ɗaya daga cikin magungunan, ya ce a riƙa auna jini a zaune da tsaye har mako biyu. Hoto da ɗinki da mota sun ci naira 74,000.

Na yi ta tunanin cewa na kashe kusan dubu ɗari a tsakar gida, amma ban duba taku biyar da ke tsakanin gadonsa da ƙofa ba. Yau na naɗe tabarmar, na sayi fitila mai caji da hasken rana naira 9,500 wadda za ta kwana a kunne, na kawo kujerar bayin kusa da gado, na ɗaura masa ƙararrawa a jikin gadon, na kuma ɗauke silifas na kawo takalmi mai maɗauri a diddige. Dokar da muka yi ita ce idan ya farka zai zauna a bakin gado ya yi salati ashirin kafin ya miƙe.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Kwana uku ya ƙi zuwa wurin sandunan. Yau ya yarda, amma tsoro ya sa ya ƙanƙame ƙarfen, jikinsa ya sandare. Daƙiƙa 71. Mun koma baya fiye da inda muka fara.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Na mayar da hankali ga hannu, domin a nan yake samun ƙwarin gwiwa. Kyarmar hannunsa ba ta zuwa idan hannun yana ajiye a cinya, sai ya nufi wani abu, kuma tana ƙaruwa yayin da yake kusantar abin. Na karanta cewa wani likita mai suna Gordon Holmes ya yi bayanin waɗannan alamomi dalla-dalla a 1917, bayan ya duba sojojin yaƙin duniya na ɗaya da harsashi ya same su a ƙeya, kuma abin da ya bayyana shi nake gani a gabana kowace safiya wajen shan koko.

Dabarar da ta fi amfani ita ce ya kafa gwiwar hannu a kan wani abu, domin idan kafaɗa da gwiwa sun tsaya, gaɓoɓin da ƙwaƙwalwa za ta daidaita sun ragu. Kafinta ya yi mana ɗan tebur mai gajerun ƙafafu naira 13,000. Da shi, da kofi mai nauyi wanda ake cika rabi, yau ya sha kunu da hannu biyu bai zubar ba. Maɓallin riga har yanzu ya gagara. Na naɗa wa alƙalaminsa tsumma ya yi kauri, ya ja layuka a allo daga ɗigo zuwa ɗigo, mafi yawansu sun wuce ɗigon.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Daƙiƙa 52. Tsayuwa da hannu ɗaya a kan sanda, minti ɗaya.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Wata maƙwabciyarmu ta shigo dubiya da ɗanta mai shekara bakwai, ta tsaya tana kallon Baba yana bin sawun alli, sai ta ce wa Inna ai shi ma wannan haka yake, kullum cikin faɗuwa da fasa kwano, har an gaji da dukansa. Na tambaye ta ko haka yake tun yana ƙarami, ta ce a'a, bara lafiya lau yake gudu, abin ya fara ne watanni kaɗan da suka wuce, kuma yakan tashi da ciwon kai da amai da safe. Jikina ya yi sanyi, domin likitan Baba ya taɓa gaya mini cewa wanda yake iya wani abu da jikinsa sannan ya daina iyawa, ba a jiran ya warware da kansa. A wurin yara tangaɗi yana iya biyo bayan ƙarambau ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, yana iya zama toshewar jijiya ga mai sikila, ko gubar dalma irin wadda ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, ko ciwon da ake gada, ko ƙari a ƙwaƙwalwa. Ni ba likita ba ne, kuma ban faɗa mata sunan kowane ciwo ba. Na ce mata, "Don Allah a daina dukansa, ba ganganci yake yi ba, kuma gobe da safe a kai shi sashen yara a faɗa musu maganar ciwon kai da aman nan." Baba da kansa ya aika aka kira mahaifin yaron ya nanata masa.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ranar Alhamis ya yi daƙiƙa 41, murna ta sa na ninka masa zagayen daga biyar zuwa goma. Jiya ya wuni a kwance, maganarsa ta ƙara nauyi, hannun ya ƙara kyarma. Na tsorata na buga wa ma'aikaciyar waya, ta yi mini tambayoyi a kan sabon jiri, amai, ganin abu biyu-biyu da sarƙewa wajen haɗiya, duk babu. Ta ce gajiya tana fito da ataksiya fili, kuma da zarar taku ya fara lalacewa a tsaya, domin maimaita motsi marar kyau ba koyo ba ne. Amma ta ce da alamomin sun zo farat ɗaya ko ba su lafa da hutu ba, asibiti za mu nufa nan take. Yau ya warware. Mun koma minti goma sau uku a rana.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Ranar ganin likita. Ya sa Baba ya riƙa juya tafin hannu sama da ƙasa da sauri a kan cinya, na dama har yanzu yana rikicewa amma ya fi na watan jiya. Rawar da idonsa yake yi idan ya kalli gefe ta ragu. An rubuta masa ƙarfen tafiya mai ƙafa huɗu da ƙananan tayoyi a gaba, na saya naira 38,000. Likita bai yi mana alkawarin zai koma yadda yake ba, ya dai ce yawancin sauƙi a watannin farko ake samunsa, kuma yana ci gaba a hankali bayan haka ga wanda bai daina motsa jiki ba.

Na tambayi maganar azumi a gaban Baba don ya ji da kunnensa. Likita ya ce bana kada ya yi, saboda ƙishirwa za ta ƙara faɗuwar jinin da ta kayar da shi. Baba ya san hukuncin marar lafiya fiye da mu duka, amma hawaye sun zubo masa a mota.

An kai yaron maƙwabta, an tura su Kano domin hoto.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Daƙiƙa 36. Da sabon ƙarfen ya taka daga ƙofar ɗakinsa zuwa zaure, ya zauna ɗalibai suka gaishe shi. Dokin ƙofar zaure ya ba shi wahala, birkila zai zo Litinin ya yi masa gangare.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Na auna daga ƙofar gida zuwa masallacin unguwa da tef, mita 64 ne, kuma akwai yashi a wuri biyu wanda na share da safe. Da magariba Baba ya taka shi da ƙarfensa, ni ina gefen dama da hannuna a bayan ɗamararsa, ƙanena yana biye da kujera. Ya huta sau biyu, tafiyar ta ɗauki minti tara. Ya yi salla a zaune a ƙarshen sahu. Dawowa a kan kujera muka ɗauko shi, domin takun ya fara watsewa tun daga ƙofar masallaci kuma na riga na koyi darasin gajiyar da na rubuta ranar 15 ga wata.

Da safe ya rubuta bisimilla a allon ƙaramin jikansa. Haruffan sun fi nasa na da girma, sinin kuma ya karkace, amma ana karantawa, kuma ya hana a wanke.

Abin da aka kashe daga 7 ga Janairu zuwa yau, ban da magani da kuɗin zuwan ma'aikaciya, ya kai naira 233,300, kuma ban sa kujerar bayi da gangaren zaure a ciki ba. An sanar daga fadar Sarkin Musulmi cewa an ga wata, gobe 1 ga Ramadan. Tunda ni zan kasance da azumi kuma zafi ya fara shigowa, na mayar da motsa jikin zuwa bayan sallar asuba, da hantsi, da bayan shan ruwa. Mako mai zuwa za mu fara gwada sakin hannu ɗaya yayin tafiya tsakanin sanduna, da tashi daga kujera ba tare da an ja shi ba. Masallaci kuma sau biyu a mako, zuwa kawai, har sai zuwan ya sauko ƙasa da minti shida.